Tsufan fata: shekaru ne, rana ce, ko man da muke shafawa?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a zauren nan ku taimaka. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, kuma duk shekara da iskar hunturu ta fara kaɗawa sai ƙaiƙayi ya hana ta sakat, musamman a ƙwauri da gadon baya. Ba ƙurji ko ɗaya, fatar dai ta yi furu-furu. Da dare susa take yi har ta ji wa kanta ciwo. Ga kuma wasu 'yan ɗige-ɗige farare da suka fito mata a ƙwauri da hannu. Maƙwabciyarmu a nan Kofar Kaura ta ce zafin jini ne a jiƙa mata saiwa, wata kuma ta ce mu bincika kada ya zama kuturta. Maganar ta tsaya mini a rai.

Ɗan Marusa: Wa alaikumussalam. Allah shi ba Hajiya lafiya. Tsufa ne Maman Ummi, kuma tsufa ba ya da magani sai haƙuri.

Anti Nas: Ɗan Marusa, tsufa ba ya da magani, amma ƙaiƙayi yana da shi. Maman Ummi, ki kwantar da hankalinki. Ban ga Hajiya ba, don haka ba zan yanke hukunci daga waya ba, amma abin da kika siffanta shi muke gani kullum wurin tsofaffi daga Disamba zuwa Fabrairu. A cikin fata akwai 'yan matattarar maiƙo da ke shafe ta daga ciki. In mutum ya manyanta maiƙon yana raguwa, a mata ma ya fi raguwa bayan al'ada ta ɗauke. Fatar kuma ba ta iya riƙe ruwa kamar da. To ga busasshiyar iska ta zo ta kwashe ɗan abin da ya rage. Fata in ta bushe tana yin 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, daga nan ƙaiƙayi, daga ƙaiƙayi susa, susar kuma ta ƙara tsage ta.

Tambayata: da wane irin ruwa take wanka, da wane sabulu, kuma tana sa soso?

Maman Ummi: Ruwa mai zafi sosai Anti, har yana tururi. Sabulun wanki ma take so, wai shi ke fitar da dauɗa. Soson buhu kuwa ba ta rabuwa da shi.

Anti Nas: To ga ɓarayin nan uku kin lissafo da kanki. A sirka ruwan ya zama ɗumi-ɗumi. A daina sabulun wanki, a samo mai laushi marar ƙamshi da yawa, kuma ba sai an goga shi a ko'ina ba kullum, hammata da matse-matsi da ƙafa sun isa. Soso a ajiye shi har sanyi ya wuce. Abin da ya fi komai: tana fitowa daga wanka, jikin da sauran danshi, a shafa mata man kaɗanya ko bazilin. Man ba ruwa yake ba fata ba, rufe ruwan da ke ciki yake yi kada ya tsere, shi ya sa shafawa a busasshen jiki bayan awa guda ba ta kai ta nan take ba. A yanke mata farce kuma.

In an yi mako biyu zuwa uku ana haka ba sauƙi, a kai ta asibiti a duba suga da ƙoda da hanta, don su ma suna kawo ƙaiƙayi ba tare da ƙurji ba. In kuwa kuka ga yaran gidan su ma sun fara susa da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu, wannan ƙazwa ce, maganinta daban, kuma duk gidan ake yi wa.

Maman Ummi: Na gode Anti, Allah shi saka. To fararen ɗige-ɗigen fa?

Anti Nas: In ƙanana ne, ba su wuce ƙwayar dawa ko wake ba, a shafe suke ba su tashi ba, galibi alamar shekaru ce da daɗewar rana a jiki. Ƙwayoyin da ke yin launi ne suka ragu a wurin. Ba sa ciwo, ba sa yaɗuwa ga wani. Tabon kuturta ya fi faɗi, kuma babbar alamarsa wurin ba ya jin taɓi. Ki sa ta rufe ido ki shafa auduga a kai, in ta ji, da sauƙi. In ba ta ji ba a je asibiti ba tare da jinkiri ba. Kuturta yau ana warkewa, magani kyauta ne, wata 6 zuwa 12 ake sha. Zamanin da ake jin sunan Babbar Ruga, asibitin kutare na nan Katsina, gaban mutum ya faɗi ya wuce.

Malamin Bayoloji: Bari in ɗan sa baki, don ni abin da nake koyarwa ke nan, kuma ɗalibai kullum suna mamaki in na ce fata gaɓa ce kamar hanta da zuciya, ita ce ma mafi girma. In aka shimfiɗa ta babban mutum za ta kai murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu, nauyinta kuma wajen kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki. Kaurinta ba ɗaya ba ne: a fatar ido wajen rabin milimita, a tafin ƙafa har milimita 4.

Hawa uku gare ta. Na sama shi muke gani, kuma abin da ke can saman matattun ƙwayoyin halitta ne. Ana haifar sabbi a ƙasa, suna turowa sama a hankali, su mutu, su kaɗe. A matashi zagayen nan yana ɗaukar kamar mako 4. A tsoho yana iya kai wa ninki biyu, shi ya sa ciwon tsoho ke daɗewa bai rufe ba, fuskar ma ta rage sheƙi. Hawa na tsakiya shi ne mai aikin: jijiyoyin jini, jijiyoyin jin zafi da taɓi, saiwar gashi, matattarar gumi da maiƙo, duk a nan suke, cikin wata saƙa ta zaruruwa iri biyu. Kolajin shi ke ba da ƙarfi, elastin shi ke sa in an ja ta koma. Na ƙasa kitse ne.

Daga shekara 20 da 'yan kai kolajin ke fara raguwa, kamar kashi 1 cikin 100 duk shekara. Mace in al'ada ta ɗauke mata tana iya rasa kusan kashi 30 cikin shekara 5 na farko. Kitsen ƙasa kuma yana janyewa daga kumatu da bayan hannu. Tamojin fuska da jijiyoyin da ke fitowa ruɗu-ruɗu a hannun tsoho daga nan suke. Kowa ya mintsini fatar bayan hannunsa ya saki, sannan ya gwada ta kakarsa, in ta yarda.

Ɗan Marusa: Na gwada tawa, ta koma kafin in ƙifta ido. Alhamdulillahi da saura.

Baba Majemi: Malam, jikana ya karanta mani abin da ka rubuta, na ce shi rubuta mani amsa. Wanga hawa na tsakiya da kake faɗi ai shi ne sana'armu tun kakanni. In an kawo mana hwata, jiƙa ta muke cikin ruwan toka har gashi da ɓawon sama su saki, mu kankare. Mu juya ta mu kankare kitse da nama. Abin da ya rage shi muke sa wa bagaruwa, shi baduku ke yin takalmi da jaka da shi. Kuma duk majemi ya san hwatar da aka shanya cikin tsakar rana ba ta yin kyau kamar wadda ta bushe a inuwa, taurin banza take yi ta riƙa karyewa. In an gama jima kuma sai an sa mata mai an murza sannan ta yi laushi. Ban yi boko ba, amma na ga hwata ta fi dubu.

Malamin Bayoloji: Ranka ya daɗe Baba, ka gama darasin. Abin da ke rage muku bayan kankara kusan kolajin ne zalla. Gandar da ake sa wa a miya ma shi ne.

Badauri: To Malam ashe mu dage da cin ganda ke nan mu daina tsufa? Don na ga ana tallar garin kolajin a Facebook, kuɗi ba kaɗan ba.

Malamin Bayoloji: Ciki ba ya aika kolajin kai tsaye zuwa fuska. Narkar da shi yake kamar kowane nama, jiki ya raba inda yake da buƙata. Wanda ake sa wa cikin man shafawa kuwa ƙwayarsa ta yi girman da ba za ta ratsa hawan sama ba, laushi kawai yake sa wa a waje. Kuɗin garin nan in ka sayi wake da ƙwai da kifi da zogale da lemo ka fi riba, don jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da bitamin C. Mai shan taba kuma ya sani yana rusa nasa da hannunsa.

'Yar Gayu: Ni duk na ji bayananku, amma gaskiya rana ce ke kashe mu a garin nan. Mace ta fita kasuwa ta dawo ta yi baƙi ƙirin. Shi ya sa muke haɗa man gyaran fata. Ni ina sayarwa, kuma nawa ba bilicin ba ne, haɗin oganik ne, hasken mutum na asali kawai yake fito da shi. Kwastomomina ba wadda ta taɓa kawo ƙara.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. An zo wurin.

Anti Nas: 'Yar Gayu, ƙanwata, ba faɗa ba. Me da me ke cikin haɗin?

'Yar Gayu: Sirrin sana'a ne Anti. Akwai karas, akwai kurkur, akwai zuma, da wasu 'yan tub da nake ƙarawa don ya yi saurin aiki.

Anti Nas: 'Yan tub ɗin nan su nake tambaya. Karas da zuma ba sa mayar da baƙar mace fara cikin mako biyu. In kin ga haka, ɗaya cikin uku na ciki: sitiroyid, haidirokwinon, ko zaiba. Ki ɗauko kwalin tub ɗin ki karanta ƙananan rubutun, in kin ga kulobetasol ko betametason, wannan sitiroyid ne, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki don wata cutar fata. In aka mai da shi man kullum, yana hana fata ƙera kolajin. Abin da shekaru ke yi a hankali cikin shekara 40, shi yana yin sa cikin 'yan shekaru. Fatar ta yi siriri har a ga korayen jijiyoyi, nankarwa manya-manya jajaye su tsage cinya da damtse, ƙuraje su feso, makero da ƙyasbi su samu gida don garkuwar wurin ta faɗi. Yana kuma shiga jini, ya tayar da suga da hawan jini.

Mu da ke ɗakin haihuwa mun fi kowa sanin wannan. A yi wa mace tiyata, a zo ɗinki, fatar ta ƙi riƙe zare. Ciwon da ya kamata ya kama cikin kwanaki ya ɗauki makonni yana ruwa. Na ga 'yar shekara 30 da fatar cikinta ta fi ta uwar da ta rako ta rauni.

Haidirokwinon kuma in an daɗe ana shafa shi juyawa yake, ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, wanda fitar da shi ke da matuƙar wuya. Zaiba ita ƙoda da ƙwaƙwalwa take taɓawa, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono.

'Yar Gayu: To ai komai in aka yi shi da yawa illa ne. Ko paracetamol. Kuma ku daina ɗora mana laifi, ku tambayi maza. Wa ke cewa a nemo masa fara ko mayya ce?

Maman 'Yan Biyu: A nan kam na goyi bayanki. Kayan lefe ma har da man ake sa wa, dangin miji su ne masu cewa amarya ba ta yi haske ba.

Badauri: Ba dukanmu ba don Allah. Kuma yanzu samari ma shafawa suke, ku duba gaɓoɓin yatsunsu.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi muhawara da mutunci, ban da gugar zana. Ba a kama sunan kowa ba.

Malamin Bayoloji: Maganar 'Yar Gayu ta farko tana da ƙanshin gaskiya, rana tana tsufar da fata, har ma ta fi shekaru a wuraren da ke buɗe. Duk mai shakka ya dubi wuyan manomin da ya shekara 40 a gona, ya gwada da fatar cinyarsa da wando ke rufewa. Shekarunsu ɗaya, amma ba ka ce jikin mutum ɗaya ba ne. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wani yana ƙona sama, wani yana ratsawa har tsakiya ya tsinka kolajin da elastin.

Amma inda lissafin ya karkace: baƙin da ake son kankarewa shi ne garkuwar. Sunansa melanin. Mu da Bature yawan ƙwayoyin da ke ƙera shi kusan ɗaya ne, namu dai sun fi ƙera shi da yawa, kuma yana zama ne a saman cibiyar kowace ƙwayar halitta yana tare mata hasken. An kimanta kariyar baƙar fata da wajen 13 a ma'aunin kariya daga rana da ake kira SPF, farar fata kuwa wajen 3. Shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana, ciwon dajin fata kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba a ƙasashe irin Ostireliya. Mu tsufan fatarmu ya fi fitowa ta rashin daidaiton launi da 'yan ƙananan baƙaƙen tsiro a kumatu da wuya, waɗanda ba su da illa. Wadda ta cire melanin ta shiga ranar Katsina ta watan Afrilu, rana za ta yi mata abin da ba ta yi wa kakarta ba.

Ɗan Marusa: Na taɓa jin wai kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na shafawa. Anya?

Malamin Bayoloji: Adadin ya fito ne a wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, kuma shi ake ta maimaitawa. Ni dai a ƙauyukanmu na Batagarawa da Rimi ban ga alamar ya kai haka ba, a birni ne abin ya yi kauri. Ko nawa ne dai ya isa har NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta ayyana shi matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Kodebuwa ta hana irin man nan tun 2015. Zaiba kuwa akwai yarjejeniyar duniya a kanta tun 2013, mai sunan Minamata, garin Japan da gubarta ta nakasa mutane masu yawa.

Maman 'Yan Biyu: Anti Nas, wadda ta daɗe tana shafawa take son dainawa fa? Wata 'yar uwata ta gwada, fuskarta ta yi ja ta kumbura tana raɗaɗi, ta koma.

Anti Nas: Haka sitiroyid yake, in an yanke shi rana ɗaya fata tana bore, wanda ya daɗe yana shafa shi a duk jiki ma yana iya galabaita. A hankali ake janyewa, kuma da likita. Ta je da kwalaben duka a gani, kada ta ji kunya. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko babban asibiti mafi kusa, a nemi ɓangaren fata. Ta sa a ranta launinta zai dawo, wataƙila ma ya fi da duhu na ɗan lokaci. Ta riƙa shafa mai marar haɗi, ta guji rana tsaka, in da hali ta sa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama. Nankarwa ba ta gogewa gaba ɗaya, gara in faɗa tun yanzu, amma tana dusashewa.

'Yar Gayu: Zan duba kwalayen. Amma ban yi alkawarin komai ba, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara.

Maman 'Yan Biyu: Ki koma man kaɗanya da sabulun salo da dilka mana, kasuwarsu na ci. Amare ai ba su ƙarewa.

Na Gobarau: Tambaya ta zo mini ta gefe, na ga gara in amsa a nan don kowa ya amfana: ko man da ake shafawa na hana alwala. Abin da muka karanta wurin malamanmu, abin da ke hana ruwa isa fata shi ne mai jiki, irin fenti ko kakin zuma ko man da ya daskare ya yi kauri. Wanda ya narke ya bar maiƙo kawai ba ya hanawa. Dattawa su riƙa shafa mai bayan alwala a hunturu, don wanke hannu da ƙafa sau biyar cikin iskar nan shi ke kawo kaushi da faso. Wallahu a'alamu.

Badauri: Malamin Bayoloji, wata tambayar. Mahaifina a Daura in bazara ta yi ba ya gumi kamar mu, yana zaune cikin babbar riga ya ce shi bai ji zafi ba. Ƙarfin jiki ne?

Malamin Bayoloji: A'a, wannan abin a sa ido ne. Mutum na da matattarar gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma bushewar gumi a kan fata ita ke sanyaya jiki. A tsoho suna rage aiki, jinin da ke zuwa fata don fitar da zafi ya ragu, jin ƙishirwa ma ya ragu. Ga shi a Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na haura 40 a nan. Yana iya dahuwa a ciki bai sani ba. Ku riƙa kai masa ruwa ba sai ya nema ba, a jiƙa tawul a goga masa, a zaunar da shi inda iska ke ratsawa. In ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, jikin da zafi, asibiti nan take.

Rana kuma ba abokiyar gaba ba ce gaba ɗaya, fata da ita take ƙera bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, kuma ta tsoho ba ta ƙera shi kamar ta yaro. Tsohuwar da ke ɗaki kullum a riƙa fito da ita tsakar gida da hantsi.

Maman 'Yan Biyu: Allah sarki. Kakarmu tun da ta karye a ƙugu take kwance, ga wani ja-ja ya fara fito mata a ƙasan baya.

Anti Nas: Wannan kada ku bari ya kwana biyu. Gyambon kwanciya ke nan yake sallama. Kitsen da ke tsakanin ƙashi da fata ya tafi, nauyin jiki ya danne jijiyoyin jini, wurin ya fara mutuwa. A baƙar fata ba lallai ya yi ja ba, wani lokaci duhu yake ƙarawa ko ya yi tauri ko ɗumi, don haka da hannu ake dubawa ba da ido kaɗai ba. A riƙa juya ta duk awa 2, dama, baya, hagu. A sa filo tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dugadugai kada su taɓa katifa. Zanin gado ya zama a miƙe, a bushe, in ta yi fitsari a canza nan take. Kada a murza wurin da ya canza launi, kuma in za a gyara mata kwanciya a ɗaga ta, kada a ja ta, fatar na iya yagewa.

Maman 'Yan Biyu: Da dare ma duk awa 2 Anti?

Anti Nas: Da dare ma. Ku raba kwanan tsakaninku, mutum ɗaya ba zai iya ba. Gobe da safe ki kira ni in zo in ga wurin kafin in wuce aiki.